Lissafin Yiwuwa Daga Jadawali: Alƙaluman Jirgin Titanic

A daren 14 ga Afrilu, 1912, jirgin ruwan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika, a kan hanyarsa daga Ingila zuwa Amurka. Kafin gari ya waye ya nutse. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta yi ya ƙidaya mutum 2,201 a cikinsa, kuma ga yadda suka kasu, fasinjoji bisa ajin tikitinsu, sai ma'aikatan jirgin:

| Rukuni | Tsira | Rasuwa | Jimilla |
|---|---|---|---|
| Aji na ɗaya | 203 | 122 | 325 |
| Aji na biyu | 118 | 167 | 285 |
| Aji na uku | 178 | 528 | 706 |
| Ma'aikata | 212 | 673 | 885 |
| Jimilla | 711 | 1,490 | 2,201 |

A ce an rubuta sunayensu duka a ƙananan takardu, an zuba a ƙwarya, an jefa hannu an zaro ɗaya. Yiwuwar a zaro sunan wanda ya tsira ita ce 711 a raba da 2,201, wato kusan kashi 32 cikin ɗari. Wannan ba wuya.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen adadin da za a raba da shi. Dubi 203 ɗin nan na aji na ɗaya. Idan tambayar ita ce a zaro ɗan aji na ɗaya wanda kuma ya tsira, ƙwaryar tana nan da kowa a ciki, sai a raba da 2,201, a samu kashi 9. Idan kuwa an riga an gaya maka ɗan aji na ɗaya ne, to an kwashe sauran takardun, saura 325, amsa ta zama kashi 62. In kuma abin da aka sani shi ne ya tsira, ana son a san ko ɗan aji na ɗaya ne, da 711 za a raba, amsar ita ce kashi 29. Shi ya sa ya kamata mai lissafi ya fara tantance su wa suka rage a ƙwarya tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Yanzu gwada aji na uku, inda masu ƙaramin ƙarfi suke, da yawansu masu ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Raba 178 da 706, kashi 25 ne. Da aji ba shi da alaƙa da tsira, da kowane rukuni ya tsaya kusa da kashi 32 na jirgin baki ɗaya. Ga shi kuwa a aji na uku mutum ɗaya cikin huɗu ne ya tsira, a aji na ɗaya kuma kusan biyu cikin uku.