Kama da wane ba wane ba ne: burdon da ƙudan kafinta

A ƙasashen Turai shekara tana da lokaci huɗu. Wanda ke biye da hunturu, daga ƙarshen watan Maris zuwa watan Yuni, shi ne Faransawa ke kira "printemps", masu fassara kuma suka saba ce masa bazara. Sai dai bazararsu ba irin tamu ba ce. Tamu ta zafi ce da ƙarancin ruwa. Tasu kuwa lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho, furanni su buɗe. A can, ɗaya daga cikin masu fara shelar shigowarta wani ƙwaro ne ƙato, mai gashi, mai rugugi, ɗan uwan ƙudan zuma, wanda ake kira burdon da Faransanci. Yana da wani makamanci, ƙudan kafinta, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne. Bambanta su ba aikin masana kaɗai ba ne: ɗaya daga cikinsu yana nan cikin rumfunanmu da gonakinmu, kuma rashin saninsa yana jawo mana hasara.

Uwa guda, gida guda

Masana sun ƙidaya iri kusan 250 na burdon a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu sanyi da kan manyan duwatsu. Rayuwar gidansu shekara guda ce tak. Idan hunturu ya kama, ma'aikata da maza da tsohuwar uwar gida duk sun mutu. Ƴan matan da aka haifa a ƙarshen lokacin zafi, waɗanda suka riga suka sadu da namiji, su kaɗai ke tsira. Kowace ta haƙa ɗan rami cikin ƙasa, ta shiga, ta yi barcin wata da watanni.

Tun cikin watan Fabrairu ko Maris takan fito, da yunwa. A lokacin ƙudan zuma yana cikin amya, domin ba ya son fita idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Ita kuwa tana da dabara: takan kaɗa naman ƙirjinta ba tare da ta motsa fukafukai ba, kamar mai rawar ɗari, har ƙirjin ya ɗumama ya kai wajen digiri 30, sannan ta tashi. Gashin jikinta shi ne bargonta. Wani masani ɗan Amurka, Bernd Heinrich, ya auna wannan al'amari, ya bayyana shi cikin littafin da ya wallafa a 1979.

Bayan ta ƙoshi da ruwan zaƙin furannin farko, sai neman masauki. Shi ya sa ake ganinta tana shawagi dab da ƙasa, tana leƙa kowane rami. Wanda ta fi so shi ne tsohon ramin ɓera. A ciki takan ƙera ɗan tulu na kaki ta cika shi da ruwan fure, ta dunƙula garin fure ta zuba ƙwai a kai, ta kwanta bisansu kamar kaza. Bayan mako huɗu zuwa biyar ƴaƴan farko su fito, su karɓi aikin kiwo, ita kuma ta zauna gida tana ta ƙwai. Gidan da ya bunƙasa yakan kai ma'aikata 50 zuwa 400, alhali amya guda ta ƙudan zuma takan tara dubu goma-goma. Ke nan duk wanda ya kashe burdon guda cikin watan Maris, gari guda ya kashe tun ba a kafa shi ba. Abin da ya sa masu garka a Turai ke murna da ganinta, har wasu su bar ciyawa mai fure a bakin shinge dominta.

Ma'aikacin da ake sayarwa cikin kwali

Burdon ba ya tara zumar da mutum zai ɗiba. Amfaninsa yana wajen furanni. Fure ba ya zama ɗa sai garin ɓangaren namiji ya sauka a kan ɓangaren mace, kuma ƙwari ne ke yin dakonsa. Tun a 1859 Charles Darwin ya rubuta cewa wata ciyawar dabbobi mai jan fure, wadda Faransawa ke kira "trèfle", ta dogara da burdon wajen yin iri. Yawan burdon kuma ya dogara da ƙarancin ɓerayen da ke ɓata masa gida, ƙarancin ɓeraye kuwa ya dogara da yawan kyanwa. A 1885 sai da aka kwashi burdon daga Ingila cikin jirgin ruwa zuwa Niyu Zilan, domin ciyawar nan ta riƙa ba da iri a can.

Furen tumati yana da wata wahala: garinsa a kulle yake cikin ƴan bututu, ba ya zubowa sai an girgiza. Ƙudan zuma bai iya wannan ba. Burdon kuwa sai ya kama furen da baki, ya kaɗa ƙirji, gari ya zubo masa. A da, manoman Turai masu shuka tumati cikin ɗakunan gilashi ma'aikata suke biya, su bi furanni da wata ƴar sanda mai lantarki suna girgizawa, sau biyu ko uku kowane mako. A 1985 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Beljik, Roland De Jonghe, ya gano cewa burdon zai yi aikin fiye da mutum. A 1987 ya kafa kamfanin Biobest. A 1988 kamfanin Koppert na Holand ya bi sahu. Yau gidajen burdon da ake kiwo ana sayarwa cikin kwali sun haura miliyan guda kowace shekara.

Duk da haka na daji yana raguwa. Ƙididdigar da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta fitar a 2014 ta nuna cewa cikin iri 68 da ke Turai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fuskantar ɓacewa. Dalilan su ne share makiyaya mai furanni, da maganin ƙwari, da ɗumamar yanayi. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a gonakin fili, saboda illarsu ga dangin ƙudan zuma.

Yadda ake bambanta su

Ƙudan kafinta, wanda masana ke kira Xylocopa, yana da iri wajen 500. Girmansa ya kai na burdon, wani lokaci ya fi, rugugin kuma iri ɗaya ne. Na Faransa baƙi ne ƙirin, fukafukansa na sheƙin shuɗi, tsawonsa santimita biyu zuwa uku. Na gabashin Amurka yana da gashi rawaya a ƙirji, shi ya sa ruɗanin ya fi yawa a can. Amma alamu huɗu sun isa.

Ta farko, dubi bayan jiki. Na burdon gashi ne ya lulluɓe shi har wutsiya, galibi da zane rawaya da baƙi, ƙarshen fari ko ja. Na kafinta sumul yake, baƙi, yana ƙyalli kamar takalmin da aka goge.

Ta biyu, dubi ƙafar baya. Macen burdon tana da ɗan faifai inda take manna curin garin fure, kamar ƙudan zuma. Ta kafinta gashi ne cunkus, garin na maƙalewa a ciki.

Ta uku, dubi gida. Burdon jama'a ne, suna shiga suna fita ta rami guda a ƙasa. Kafinta ba shi da sarauniya da ma'aikata. Macen ce ke huda busasshen itace da haƙoranta, huda mai da'ira sarai, faɗin ɗan yatsa, sannan ta karkata ta bi tsawon itacen. A ciki takan yanka ɗaki-ɗaki da garin katako, kowane ɗaki ƙwai guda da guzurinsa. Ba ta cin itacen: garin da ake gani zube a ƙasa shi ne shaida.

Ta huɗu, dubi hali. Wanda ke tsayawa cik cikin iska kusa da rufi, yana kai wa mai wucewa bara, namijin kafinta ne mai gadin fegi. Barazana ce kawai, ba shi da ƙari. Macen na da shi, amma ba ta harbi sai an damƙe ta. Haka ma burdon.

Wanda ke rumfarka

To, ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da wannan? Ruwansa shi ne, a Afirka burdon bai wuce ƙasashen arewa ba, irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Kudu da Sahara babu shi. Saboda haka ƙaton ƙwaron nan baƙi, wani da rawaya ko fari a ƙirji, da ke rugugi a gindin azara ko dirkar rumfa, ko da mun saba ce masa "bourdon" tun muna lakwal, kafinta ne. Aikin da burdon ke yi wa manomin Turai, a nan shi ke ɗauke da babban rabonsa, domin shi ma ya iya girgiza furen tumati da na yalo.

Ga kuma wake. Bayan Nijeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, kuma ƴan kasuwarmu sun san abin da buhunsa ke kawowa. Furen wake yakan iya ɗaukar ciki da kansa, amma rufaffe ne, sai ƙwaro mai nauyi ke iya danna shi ya buɗe, ya kai gari daga wannan shuka zuwa waccan. Wani bincike da aka buga a 2008, wanda aka yi a Kenya ta hanyar maƙala wa ƙudan kafinta ƴar na'urar rediyo, ya nuna yana tafiyar kilomita shida daga gidansa domin furen wake. Wanda ka kashe cikin gari, wataƙila ma'aikacin gonarka ne.

Gaskiya ne yana ɓarna. Idan aka yi shekaru ana hudar itace guda, ƙarfinsa na raguwa. Amma maganin ba shi da tsada: kafinta ba ya son itacen da aka shafa wa fenti. A shafe katakon rufi, a toshe tsofaffin hudoji bayan ƴaƴan sun fita, a bar wani tsohon kututture a bakin gona ko garka domin ya samu wurin zama. Mai feshin wake kuma ya sani furen da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Idan feshin ya zama tilas, a yi shi da marece.

Saura jan kunne ga masu shigo da kaya da ma'aikatan gona. Wata rana wani zai ga kwalin burdon a Turai ya yi sha'awar kawo shi. Ƙasar Shili ta yi haka a 1997. Baƙon ya tsere daga gonaki, a 2006 aka gan shi a Arjantina, kuma duk inda ya isa burdon ɗan ƙasa, wani ƙato mai jan gashi, sai ya ja baya, har ya shiga jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu. Japan ma ta shigo da shi, ya bazu a tsibirin Hokkaido, a 2006 ta sa masa dokar tsarewa. Gani ga wane ya isa wane tsoro.

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Abin da Bature ke saye da kuɗi cikin kwali, mu kyauta yake kwana a rumfarmu. In ka ji rugugi bisa kanka, kafin ka ɗaga takalmi, ɗaga ido ka duba.