Faifan tagullar Santambul: Sana'ar gida ɗaya da ta shekara 400, da darasinta ga maƙeranmu

Duk wanda ya taɓa kallon faretin 'yan sanda ko na sojoji, ko macin 'yan makaranta a ranar 1 ga Oktoba, ya san mutumin nan da ke cikin 'yan badujala riƙe da faya-fayai biyu masu ruwan zinare, yana gwara su lokaci-lokaci. Ƙararsu kan ratsa ta ganga da ta begila, amma ba kasafai ake tambayar asalinsu ba.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan faya-fayai su ne waɗanda aka ƙera a birnin Istanbul, wanda kakanninmu ke kira Santambul, masu ɗauke da hatimin harafin K. Kusan shekara 50 ke nan da rufe maƙerar da ke yin su, amma har gobe makaɗa na farautar tsofaffinsu, kuma mai kyau guda ɗaya kan haura dala dubu.

Labarinsu na kiɗa ne, amma ya fi shafar sana'ar gado: yadda take rayuwa, yadda take mutuwa, da abin da ke hana a manta da masu yin ta.

Daga neman zinare zuwa fadar sarki

A farkon ƙarni na 17 an yi wani maƙeri ɗan ƙabilar Armeniya mai suna Avedis a Istanbul, hedikwatar Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Tarihin da zuriyarsa ke bayarwa ya ce yana ƙoƙarin haɗa ƙarafa ne don ya samu zinare. Bai samu zinaren ba, sai ya dace da wani haɗi na jan ƙarfe da kuza wanda ke ba da amo mai tsawo, kuma ba ya tsagewa da wuri.

Fada ta ɗauke shi yana yi wa makaɗan sojojinta faya-fayai. A 1623 aka ba shi izinin buɗe maƙerarsa a unguwar Samatya. Sunan da ya bi gidan, Zildjian, ma'anarsa ɗan maƙerin faifai, domin zil shi ne sunan wannan abin kiɗa da Turkanci.

Makaɗan yaƙin Turkiyya, waɗanda ake kira mehter, su ne suka kai wannan amo Turai. Manyan mawallafan kiɗan Turai suka kwaikwaye su: Mozart a 1782, Haydn a 1794, sai Beethoven a 1824. Rundunonin Turai ma suka sa faifan a badujalarsu, kuma ta hannun sojan mulkin mallaka ya iso filayen faretinmu.

A 1826 Sarki Mahmud na Biyu ya rushe tsohuwar rundunar Janisari tare da makaɗanta. Babban mai saye ya tafi ke nan. Gidan ya tsira ne saboda ya nemi kasuwa a waje: Avedis na Biyu ya riƙa kai hajarsa wuraren baje koli na Turai, har da na Landan a 1851.

Da ya rasu a 1865, ɗan'uwansa Kerope ya gaji maƙerar. Harafin farko na sunansa shi ne K ɗin da ake nema a yau.

Yadda ake ƙera shi

Haɗin kansa sananne ne: kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 20 kuza, da ɗan ɓurɓushin azurfa. Abin da gidan ya ɓoye shi ne yadda ake narka su tare, kuma a al'adarsu magaji ɗaya ake sanar wa.

Tagulla mai yawan kuza haka tana da gautsi, bugu kaɗan sai ta fashe. Don haka bayan an zuba ta ta daskare, sai a yi ta gasa ta ana murzawa tsakanin ƙarafa, ana juya ta kowane ɓangare har ta yi faɗi. Daga nan a fitar da ƙoƙon tsakiya, a sake gasawa, a tsoma a ruwa.

A nan akwai abin da zai ba maƙerin gatari mamaki. Baƙin ƙarfe idan aka tsoma shi a ruwa da zafinsa tauri yake ƙarawa. Ita kuwa wannan tagulla laushi take yi, ta yarda da guduma.

Sai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato bugu. Maƙeri zai ɗora faifan a kan uwar maƙera ya yi ta bugunsa da hannu sau ɗaruruwa, yana juyawa. A ƙarshe a kankare shi, a buga masa hatimi.

Da yake hannu ba inji ba ne, ba a samun faifan K biyu masu murya ɗaya. Wasu ma ba su da daɗi ko kaɗan. Makaɗi kan gwada da yawa kafin ya zaɓi ɗaya, wanda kuma ya dace ba ya rabuwa da nasa.

Gida ya rabu biyu

A farkon ƙarni na 20 rayuwa ta yi wa Armeniyawa tsanani a Turkiyya. Aram Zildjian, wanda ke riƙe da sirrin, ya gudu Romaniya. Wani ɗan gidan, Avedis na Uku, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana sana'ar alewa a yankin Boston.

A 1927 Aram ya rubuta masa cewa lokacin karɓar gado ya yi. Avedis ya ƙi komawa, sai tsohon ya bi shi can. A 1929 suka buɗe masana'anta a garin Quincy na jihar Massachusetts.

Daga nan aka samu reshe biyu. Na Amurka, mai harafin A, ya rungumi injuna, yana fitar da faya-fayai masu sautin da ke tashi tar, masu kama da juna. Na Istanbul, mai harafin K, ya ci gaba da bugun hannu a ƙarƙashin wasu dangin, kamfanin ganguna na Gretsch na shigar da kayansa Amurka. An daɗe ana shari'a kan wanda ke da ikon amfani da sunan.

Waɗanda suka ɗaukaka K su ne baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan jaz a shekarun 1950 da 1960, irin su Art Blakey da Elvin Jones da Tony Williams. Sun so shi ne saboda muryarsa mai kauri, wadda ba ta danne sauran kayan kiɗa.

Blakey ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma musulunta da sunan Abdullah ibn Buhaina. Tony Allen, makaɗin Fela Kuti, yana cikin waɗanda suka koyi salo daga sauraron faya-fayansa, har ya fitar da kundi don girmama shi a 2017.

Suna ya tafi, hannu ya tsaya

Reshen Amurka ya mallaki sunan K daga baya, ya kwashi wasu maƙeran zuwa masana'antarsa ta Meductic a Kanada. A ƙarshen shekarun 1970 aka rufe maƙerar Istanbul.

Avedis na Uku ya rasu a 1979, 'ya'yansa biyu suka saɓa. Armand ya riƙe kamfanin Zildjian, Robert ya ɗauki masana'antar Kanada ya kafa Sabian a 1981.

A Istanbul kuwa an bar ma'aikata ba aiki. Biyu daga cikinsu, Agop Tomurcuk da Mehmet Tamdeger, tun suna yara suke bugu a tsohuwar maƙerar. Ba su gaji sunan ba, amma aikin na hannunsu. A 1980 suka buɗe tasu, suka sa wa kayansu sunan birnin. Bayan rasuwar Agop a 1996 ita ma ta rabu biyu, kuma wasu maƙerun sun ɓullo a birnin tun daga lokacin.

Shi kansa kamfanin Zildjian, wanda ya yi bikin cika shekara 400 a 2023, ya koma yana neman tsohuwar muryar. Ya fitar da samfurin K Constantinople a 1998, da wani mai sunan Kerope a 2014. Inji ya ba shi yawa, amma kasuwa ba ta daina tambayar aikin guduma ba.

Abin da hatimi ya yi

Dalilin da ya sa ake iya bin wannan tarihi shi ne kowane faifai na ɗauke da shaida: jinjirin wata da tauraro, rubutu da haruffan Larabci, sunan gidan da na birnin. Siffar hatimin ta riƙa canzawa, har sunan birnin ya koma Istanbul daga Constantinople. Da wannan masana ke kintatar shekarun faifai, kuma da shi ake yi masa kuɗi.

Ba don hatimin ba, tsohon faifan K ba shi da bambanci da kowace tsohuwar tagulla a idon mai awo.

Namu ƙarafan masu amo

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Muna da kuge, tagwayen ƙarfe marasa harshe da ake bugawa da ƙaho a fada. Muna da sambani da mata ke kaɗawa. Muna da kakaki, wanda Tarihin Kano ya danganta shigarsa al'adar fada da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499.

Kayan haɗin tagullar ma suna kusa da mu. Ibn Battuta ya isa Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya kuma rubuta cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno. Ita kuwa kuza, mutanen Riruwai a kudancin Kano suna narka ta tun kafin Turawa su buɗe ma'adinan Jos.

Muna kuma da tsarin gado irin na gidan Zildjian. Akwai maƙeran baƙi masu garma da lauje, akwai maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa, akwai sarautar Sarkin Maƙera. Daga Sakkwato zuwa Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, ɗa kan koyi zuga-zugi a gaban mahaifinsa kafin a ba shi guduma.

Abin da ba mu saba da shi ba shi ne sa hannu. Kuge ko kakaki kan shekara da shekaru a fada ana kirarin sarkin da ake busa wa, ba a ambaton wanda ya ƙera. Idan tsohon da ya san labarin ya kwanta dama, shi ke nan.

Haɗarin ya ƙaru a wannan zamani da 'yan gwangwan ke bin gida-gida suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe tsada a wurinsu. Magajin da talauci ya matsa, bai kuma san darajar abin da ke ɗakin kakansa ba, ba abin zargi ba ne idan ya sayar. Amma abin da aka narkar ba ya dawowa.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Maƙeri na iya sassaƙa hatimi mai sunan gidansa da garinsa, da boko ko da ajami, ya riƙa bugawa a kan duk abin da ya fito daga maƙerarsa. Masarautu na iya rubuta kayan kiɗan fadarsu ɗaya bayan ɗaya: nauyi, tsawo, wanda ya ƙera, da zamanin sarkin da aka yi wa. Wayar hannu ta isa a ɗauki hoto da murya.

Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Makama a Kano duk wurare ne da za su iya adana irin wannan bayani. Ɗalibin da ke neman batun bincike zai samu abin rubutawa idan ya yi mako guda a gaban tsohon maƙerin farin garinsu.

Agop da Mehmet sun iya tayar da sana'ar ne saboda an sa su a maƙera tun suna yara, kuma an rufe ta suna da sauran ƙarfi. Tsofaffin maƙeranmu da suka san awon kakaki da muryar kuge suna nan da rai a wasu garuruwan, kuma yanzu ne za a iya tambayarsu.