Yadda waya ta zama littafin lissafin shanunmu

Ni ɗan Tirwun ne a cikin garin Bauchi, mahaifina kuma fataucin shanu yake yi. Muna saye a kasuwannin nan kusa, wani lokaci mu je har Potiskum, mu loda tirela zuwa Oko-Oba a Agege, inda yayana yake karɓa ya sayar. Shekara da shekaru lissafinmu yana cikin littafi ɗaya da kuma kan Baba. Ranar da ruwan sama ya jiƙa littafin, sai da aka yi sati ana musu a waya kan bashin mahauta. Baba ya faɗi nasa adadin, yaya ya faɗi nasa, har zumunci ya fara tsami. Wannan ne ya sa na nemi wata hanya, duk da iyakar karatuna sakandare ce.

Na fara da Google Sheets. Manhaja ce ta kyauta, kamar Excel take, kuma tana aiki a wayar Android. Shafi ne mai layuka da gidaje. Kowane sa na ba shi layi guda: ranar saye, kasuwa, kuɗin saye, kasonsa na kuɗin mota da lodi da harajin hanya, abincin da ya ci, la'adar dillali, kuɗin sayarwa, da cikon da ya rage wurin mahauci. Akwai umarnin SUM da ke tara kuɗin da kansa. Abin da ya fi burge ni, shafi ɗaya muke gani ni da yayana. Ya rubuta a Legas, in gani a Tirwun nan take.

Ga misali, ku gane amfaninsa. A ce an sayi sa naira 600,000, aka sayar 700,000. Da baki za ka ce an ci ribar 100,000. To cire kuɗin hanya 60,000, abincin kwana biyar a kara 20,000, la'ada 10,000. Saura 10,000 kacal. In kuma mahauci ya riƙe ciko, to ko uwar kuɗin ba ta dawo ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne mayar da lambobi zane. A cikin Sheets ɗin za ka zaɓi gidajen, ka sa ta zana maka sanduna, kowace sanda lodi guda. Baba ba ya karanta boko sosai, amma da na nuna masa ya ga doguwa da gajera, nan da nan ya gane. A nan muka lura cewa duk lodin da ya daɗe a kara yana jiran farashi ya tashi, dusa da harawa ne ke cinye ribarsa. Baba ya yi shiru, can ya ce, “Ashe jiran ne ke cin mu.” Masu kwamfuta suna irin wannan zane da Power BI na kamfanin Microsoft ko Looker Studio na Google, amma ga ɗan kasuwa irinmu waya ta wadatar.

Na uku shi ne haɗa manhaja. Cike gidaje a ƙaramar waya cikin hayaniyar kara akwai wahala, yatsa na iya goge lissafi. Sai na koyi AppSheet, wadda Google ya saya a 2020. Tana ɗaukar shafinka ta mayar da shi manhaja mai fom, ba sai ka iya rubuta yaren kwamfuta ba. Yanzu yaya ya ɗauki hoton sa, ya sa farashi, ya danna, shi ke nan. Gwaji da mutane kaɗan kyauta ne, in aiki ya girma akwai biya.

Sai dai a kula. Manhaja ba ta san ƙarya ba, abin da ka ba ta shi za ta tara. A rubuta kowane kashe kuɗi a ranar, ko na ruwan shanu ne. Wanda aikinsa dubawa ne kawai, a ba shi izinin gani ban da gyara. Kada a sa lambobin sirrin banki a ciki, kuma a kulle waya.

Ga matasanmu na Sabo Ibadan, Shagamu, Mile 12 da Lokpanta masu son zurfafawa, akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda ke koyar da nazarin bayanai da haɗa manhaja. Amma kada ka jira shi. Fara da lodi ɗaya, ko buhunan albasa ne ko kwandunan tumatir. Mu dai tun daga lokacin musun ciko ya ƙare a gidanmu. Allah Ya sa albarka a nema.