SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: Yaranmu Suna Zuwa Makaranta, Amma Sun Iya Karatu?

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san abin da akan yi kafin a amince da sabon iri. Mukan ƙirga ƙwaya ɗari, mu naɗe su a tsumma mai laima, mu ajiye a inuwa. Bayan 'yan kwanaki mu buɗe, mu ƙirga waɗanda suka tsira. In tamanin ko casa'in suka fito, mun sami iri. In talatin ne kawai, ba mai kai shi gona, kome kyan buhun da ya zo a ciki. Haka ma masanan aikin gona na Samaru, Zariya, ba su sakin sabon irin dawa ko wake sai sun shuka shi kusa da tsohon iri, damina bayan damina, sun auna abin da kowanne ya bayar.

To, mu da muke gwada gero kafin mu shuka, yaushe muka taɓa gwada karatun 'ya'yanmu? Daga Daura zuwa Sandamu, daga Mai'aduwa zuwa Zango da Baure, kowace safiya yara suna ɗibar hanyar makaranta. Uba ya ɗinka wa ɗansa kayan makaranta, ya saya masa littafin rubutu, ya haƙura da mai taya shi kiwo. In ka tambaye shi, sai ya ce, "Ai yaro yana aji huɗu." Amma aji huɗu sunan ɗaki ne. Bai gaya mana ko yaron zai iya karanta gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari ba, ko takardar rancen da ubansa zai danna wa yatsa.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Tun da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, abin da aka fi ƙirgawa shi ne yawan yaran da suka shiga, da yawan azuzuwan da aka gina. Kamar manomi ne ya ƙirga kadadar da ya shuka, amma bai ƙirga dammunan da ya kai rumbu ba.

Daga baya ne aka fara auna karatun kansa. A 2011 da 2013 an gwada yara a Jihohin Bauci da Sakkwato. A 2014 kuma aka yi irin wannan gwaji a Jigawa, da Kaduna, da Kano, da Jiharmu ta Katsina. Gwajin ba wani mai wuya ba ne. Akan zauna da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda mai baƙaƙe, sa'an nan kalmomi, sa'an nan ɗan gajeren labari. A ba shi minti ɗaya ya karanta, a ƙirga abin da ya samu daidai. Abin da aka gano kuwa ba daɗin ji. Mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga cikin labarin ba, alhali da Hausa aka rubuta shi, harshen da suke magana da shi tun suna goye.

Ba wai yaranmu ba su da kai ba ne. Yaron da ya san tumakin gidansu ɗaya-ɗaya, ya kuma iya lissafin canji a kasuwar Mai'aduwa, ba daƙiƙi ba ne. Ba kuma laifin malami kaɗai ba ne, domin sau da yawa aji ya cika maƙil, ba littafi, shi ma haka aka koya masa. Yakan rubuta a allo, ya karanta, yara su amsa gaba ɗaya kamar waƙa. Mai wucewa ya ji murya ya ce ana karatu. Amma ka rufe allon, ka nuna wa yaro ɗaya kalmar a wani wuri, sai ya yi shiru. Hadda ya yi, ba karatu ba.

Masu bincike ba su tsaya ga nuna cuta ba. Sun gwada magunguna, kamar yadda akan yi gonar gwaji: wannan kunya sabon iri, waccan tsohon iri, a ga wadda ta fi. Ga abubuwa uku da suka fito fili.

NA FARKO: A FARA DA HARSHEN DA YARO YA SANI

A shekarar 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a makarantar St. Stephen da ke Modakeke. Wasu yara aka koya musu kome da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda mai zaman kansa. Wasu kuma aka juya da su Turanci bayan shekara uku, kamar yadda aka saba. Da aka auna, waɗanda suka yi karatu da harshen gida ba su gaza a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun fi takwarorinsu. A nan Arewa ma, a farkon shekarun 1970, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata firamare wanda ya ba Hausa wuri a ƙananan azuzuwa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ce a fara koyarwa da harshen gida ko na yankin.

Dalilin a fili yake. Rubutun boko na Hausa ba ya yaudara. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kowane baƙi kuma sautinsa bai cika canjawa ba. Yaron da ya gane ba, be, bi, bo, bu, ya gane ka, ke, ki, ko, ku, zai haɗa "baki" da "kuka" da kansa, ya kuma san abin da suke nufi. Da Turanci kuwa kaya biyu muka ɗora masa lokaci ɗaya: koyon karatu da koyon baƙon harshe. In ya iya karatu da Hausa, ba sai ya sake koyon karatu ba sa'ad da ya zo Turanci, harshen kawai zai koya.

Gwamnati ta yi ta sake shawara a kan wannan batu. A 2022 aka ce a koyar da harshen gida har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci, yana cewa ana faɗuwa jarrabawa. Masana ilmi da yawa ba su yarda da shi ba. Mu dai tambayarmu ga kowane ɓangare ita ce ta manomi: ina gonar gwajin, nawa kuma ta bayar? Sa'an nan ba wata doka da ta hana uba ko ƙungiya koya wa yaro karatun Hausa da yamma.

NA BIYU: LITTAFI KAƊAI BA YA ISA

A yammacin ƙasar Kenya, cikin shekarun 1990, an raba wa wasu makarantu littattafai, aka bar wasu don a kwatanta. Kowa ya ɗauka sakamako zai tashi. Da aka auna, sai aka ga yaran da dama su ne kan gaba su kaɗai suka ƙaru. Sauran ba su amfana ba, domin littattafan da Turanci suke, sun kuma fi ƙarfinsu. Taki ne aka zuba a busasshiyar ƙasa.

A 2014 zuwa 2015 aka gwada wata hanya a Bauci da Sakkwato, ga 'yan aji biyu. An ba malami littafin jagora mai nuna darasin kowace rana daki-daki. An ba kowane yaro littafinsa na Hausa a hannu. An horar da malamai su koyar da sautin baƙaƙe, ba sunayensu kawai ba. Aka kuma sa wani ya riƙa zagayowa aji, ya ga yadda darasi ke tafiya, ya ba malami shawara, kamar yadda malamin gona ke zagaya gonaki. Yaran waɗannan makarantu sun fi na makarantun da ba a taɓa ba, musamman wajen sanin sautin baƙaƙe, ko da yake da yawa ba su kai ga karatu sarai a shekara ɗaya ba. Daga nan aka sami littattafan "Mu Karanta" a jihohin nan biyu. A Katsina da Zamfara kuma, daga 2015, shirin RANA, wanda UNICEF ta tsaya masa da taimakon Gwamnatin Ingila, ya bi irin wannan hanya ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Watau ba baƙon abu ba ne a Jiharmu, akwai malaman da suka sami wannan horo.

NA UKU: A KOYA WA YARO DAIDAI INDA YA TSAYA

Yaya za a yi da wanda ya riga ya kai aji biyar bai iya ba? A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara bin gida-gida tana gwada yara tun 2005. Ta tarar kusan rabin 'yan aji biyar a ƙauyuka ba su iya karanta littafin aji biyu ba. Maganin da ta gwada shi ne a ajiye zancen aji na ɗan lokaci kowace rana, a raba yara bisa ga abin da suka iya: waɗanda ba su san baƙi ba, masu baƙi, masu kalma, masu 'yan jimloli, da masu labari. Kowane rukuni a koya masa abin da ke gabansa, wanda ya iya ya haura. An gwada wannan hanya sau da dama aka ga tana aiki, har a hannun matasa 'yan sa kai. Masanan da suka auna ta, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, tare da Michael Kremer mai binciken Kenya, sun sami lambar Nobel a 2019 saboda irin waɗannan gwaje-gwaje. A wannan shekarar kuma aka fara ta da Hausa a Ƙananan Hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na Jihar Kano, ga 'yan aji huɗu zuwa shida.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA IYA YI

Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙungiyar gama kai ba, kuma lokacinsa bayan kaka ne, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi.

1. A sami kwali, a rubuta baƙaƙe goma, a sa ɓ, ɗ, ƙ da ts a ciki. A rubuta kalmomi goma na yau da kullum, kamar gero, rijiya, akuya. A rubuta jimloli huɗu, da labari ɗan gajere.

2. A gwada kowane yaro shi kaɗai, mace da namiji, cikin fara'a. Ba duka, ba dariya, ba gori. In ya karanta labarin, a yi masa tambaya biyu a ga ko ya fahimta.

3. Magatakarda ya rubuta matsayin kowane yaro a littafin ƙungiya, kamar yadda yake rubuta buhunan taki.

4. A nemi matasa biyu ko uku da suka gama sakandare, su riƙa zama da yara awa ɗaya da yamma, rukuni-rukuni. In ba alli, akwai gawayi, akwai kuma rairayi, wanda ƙasar Daura ba ta rasa ba. 'Ya'yan maƙwabta duka a karɓe su. Yaran Fulani da ba su ƙware da Hausa ba a ƙara musu lokacin hira da tatsuniya.

5. Bayan wata uku a sake gwaji da wasu kalmomi dabam. In yara sun haura, a ci gaba. In ba su haura ba, a sake dabara.

6. A kai sakamakon wurin hedimasta da kwamitin kula da makaranta, ba don faɗa ba, don a haɗa kai. Magana da lissafi a hannu ta fi ƙorafi nauyi, ko a gaban Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma.

Iyayen da ba su yi boko ba kada su ce ba ruwansu. Uwa tana tsinkar zogale tana iya cewa ɗiyarta ta karanta mata da ƙarfi, kunne kuwa ya san Hausar da ta fita daidai. A kuma lura da fashin makaranta lokacin shuka da ranar kasuwa, domin baƙin da aka koyar ran da yaro ba ya nan, da wuya a sake komawa kansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara uku na farko su ne daminar karatu, wanda ta wuce shi sai ya sha wahalar ban ruwa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin taronta na gaba, ta kuma aiko mana da abin da ta gano, yara nawa aka gwada, nawa ke kowane mataki, domin mu buga sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya sa albarka a gonakinmu da 'ya'yanmu.