Kafin a Ɗauko Keken Ɗinki Zuwa Gida

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu sayar da kekunan ɗinki, a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a wata babbar kasuwa, ya ga baƙaƙen kawunan nan masu zanen ruwan zinare a jere bisa kanta. Sunayen da ke jikinsu daban-daban ne, Butterfly, Emel, Two Lion, da wasu da sai ranar za ka fara jin su, amma ƙira ɗaya ce. Wuya iri ɗaya, mazaunin ƙoshiya a wuri ɗaya, kwarkwaron wannan ya shiga wancan ya zauna daram. Wannan kama tana da dalili, kuma dalilin ya shafi aljihun mai saye kai tsaye.

Asalin abin daga Amurka yake. A 1846 Elias Howe ya yi rajistar keken da ke ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a cikin yadi. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa, wanda ya fi daɗin aiki. Howe ya maka shi a kotu, ya kuma yi nasara a 1854. A 1879 kamfanin Singer ya fitar da wata ƙira da daga baya aka san ta da lamba 15. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwaye ta, suka cika duniya da ita cikin araha, China da Indiya suka bi sahu. Butterfly daga birnin Shanghai yake, kuma a can ma keken ɗinki yana da tarihi da aure: a shekarun 1970 yana cikin abubuwa huɗu da ake sa ran gani a gidan sababbin ma'aurata, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo. Baƙin keken da ke ɗakin iyayenmu mata, da wanda 'yan siyasa ke rabawa da sunan tallafi, galibi zuriyar lamba 15 ne.

Amma ba ƙarfe kaɗai ya ɗaukaka Singer ba. Tun 1856 kamfanin ya soma sayar da keke a biya kaɗan-kaɗan, ya baza wakilai gari-gari suna koya wa mata aiki da shi, suna gyara, suna sayar da allura da mai. Mutane sun saki jiki da keken ne saboda sun san inda za su nufa idan ya tsaya. Babbar masana'antarsa ta Clydebank a Sikotilan, wadda kekunanta ke ɗauke da harafin K bayan lambar ƙira, kamar 15K da 99K, an rufe ta tun 1980, amma har yau ana ɗinki da abin da ta ƙera, domin kayan gyaransa ba su yanke ba.

A ganina ma'aunin ke nan har gobe. Kowane keke, komai sunansa, akwai ranar da zai tsaya. Abin tambaya shi ne, a ranar, akwai mai gyaransa a kusa? Abin da ya karye ana samunsa a kasuwar garin, ko sai an yi sautu Legas, ko ma sai an jira wani ya dawo daga waje? A nan baƙin keke ya yi wa sauran fintinkau. Ƙoshiyarsa da kwarkwaronsa da haƙorinsa da bel ɗinsa suna nan a kusan kowace kasuwa, mai gyaran ƙauye ma ya san cikinsa. Ba ruwansa da ɗauke wuta. Ana juya shi da hannu, ana taka shi da ƙafa, kuma yawancin irinsa suna da wurin ɗaura ƙaramin moto idan hali ya samu daga baya. Uwargidan da aikinta atamfa ne da shadda da zanin gado da yunifom ɗin yara da 'yan face-face, da wuya ta buƙaci abin da ya wuce shi.

Yana da iyakarsa, kuma masu ƙaunarsa ba su cika faɗa ba. Miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya, gaba da baya. Ba ya zigizag, ba ya fitar da ramin maɓalli, kuma yadin nan mai talewa da ake hijabi da rigunan yara da shi yana ba shi wuya: ko dai ya riƙa tsallake, ko kuma a ɗinka lafiya, ranar da aka ja hijabin za a sa zaren ya tsinke, domin yadin ya miƙe shi kuwa ɗinkin bai miƙe ba. Wadda hijabai ne sana'ar da take son farawa, ko take son kamun bakin yadi kada ya zare, dole ta duba farin keke na lantarki.

A nan ne ake yawan ruɗuwa. Za a nuna miki jikin keke cike da zane-zanen ɗinki, iri ashirin, iri sittin, a ce duk yana yi. Gaskiya ne yana yi, amma tambayi duk wadda ta daɗe da irinsa nawa take taɓawa. Miƙaƙƙe, zigizag, ramin maɓalli, wataƙila da ɗaya na ado. Sauran kuɗi ne aka biya aka ajiye. Abin dubawa yana ciki: ƙashin keken ƙarfe ne aka rufe da roba, ko kuwa roba ce har ciki? Ɗaga shi ki ji. Wanda ya yi sakayau a hannu zai riƙa rawa bisa teburi da zarar ya haɗu da yadi mai kauri, kuma saitinsa ba ya daɗewa. Kan baƙin keke na ƙarfen zubi ya haura kilo 10, nauyin nan kuwa shi ke riƙe komai a mazauninsa. Su kuma masu allo da madannai, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, suna da daɗin aiki ƙwarai, sai dai wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni ba ta raga wa ƙwaƙwalwarsu, kuma ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa su ba.

Maganar wuta tana da wani reshe da ya cinye kekuna da yawa. Tamu a Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Keken gwanjo da ya fito daga ɗayan ƙasashen nan biyu, idan aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, motonsa zai ƙone. Akwai ɗan rubutu a jikin moton ko a bayan keken da ke faɗin wutar da yake ɗauka. A karanta shi tun a shago. Daɗin abin shi ne moton keken gida ba ya cin wuta, galibi bai wuce wat 100 ba, don haka ƙaramin janareta ko solar gida za su ja shi.

Wasu kuma idonsu na kan manyan kekunan shago, irin su Juki da Jack. Juki DDL-8700 yana iya kai wa ɗinki 5,500 a minti ɗaya, alhali na gida yana wajen dubu ɗaya ko ƙasa da haka. Wannan gudu riba ce ga telan da ke kwana a shago cikin azumi, amma ga mai koyo a tsakar ɗaki hanya ce ta ɓata yadi da soke yatsa, ga cin wuri, ga shi ba ya motsi sai da wuta. 'Yan mitsi-mitsin nan na roba masu batir da ake talla a Facebook kuwa, ba zan ɓata musu tawada ba. Kuɗinsu ya fi amfani a zubin adashin keken gaske.

Idan an tsai da shawara kan iri, saura gwaji, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Mai shago yakan ajiye ɗan ƙyallen da keke ke so, mara kauri mara santsi, ya zuga shi sau ɗaya ya miƙo: "Hajiya, kin gani? Sabo dal, ba abin da ya same shi." Amsar ita ce ki buɗe jaka ki fito da naki: guntun atamfa, guntun shadda, ɗan boyel mara nauyi, da ƙafar tsohon wandon jins. Ki zo da zare kala biyu, a sa ja a sama, fari a kwarkwaro. Dalili kuwa, yadda keke ke ɗinki shi ne allura ta nutsa da zaren sama, tana fara tasowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, bakin ƙugiyar da ke ƙasa ya cafke shi, ya zagaya da shi kwarkwaro, sannan a ja shi sama ya ɗaure. Ƙullin nan a tsakiyar yadi ya kamata ya ɓuya. Idan an juya ƙyalle aka ga jan zare ya yi cunkus a ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako ko an zura shi ba daidai ba. Idan fari ya leƙo sama, an matse na sama da yawa. Duka biyu saiti ne, keken kirki yana karɓar saiti nan take. Wanda aka murɗa aka sake murɗawa bai daidaitu ba, a bar shi a kantar.

Daga nan a ninka atamfar huɗu a ɗinka, a hau kan gaɓar jins inda ɗinki ya haɗu da ɗinki, a ga ko zai wuce ko zai tsaya yana ƙugi. A sauko kan boyel a ga ko zai tattare shi. A danna abin komawa baya a ga ko yana komawa bisa layinsa. A taka a hankali ƙwarai, domin kowane keke yana da kyau a guje. Sai an rage gudu ake gane mai cijewa. Sannan a zare zaren, a ɗaga takalmin da ke danne yadi, a juya kan da hannu, ido rufe in an so. Ya kamata ya zagaya sumul daga farko har ƙarshe. Idan akwai wurin da yake ɗan tokarewa a kowane zagaye, wani abu ya lanƙwashe ko bai zauna ba. A kama sandar da allura ke ɗaure a jiki a girgiza. In tana kaɗawa gefe da gefe, keken ya sha aiki, ko da fentinsa na ƙyalli.

Wannan na ƙarshe ya fi shafar na hannu, wato keken da wani ya riga ya yi amfani da shi. Ban raina irin wannan keke ba ko kaɗan. Tsohon Singer ko tsohon ɗan Japan da aka riƙe da kyau yakan fi sabon da aka ƙera da ƙarfe mai araha. Amma a zame murfin ƙasa a fito da ƙoshiya a duba bakin ƙugiya da farce: in ya yi kaushi ko ya dakushe, zai riƙa tsinka zare. A duba ramin da allura ke shiga, in ya sha sara ta ko'ina, alama ce allurai da yawa sun karye a wurin. A duba haƙori ko ya cinye. Duk waɗannan ana sauya su da kuɗi kaɗan a baƙin keke, don haka hujja ce ta neman ragi. Abin gudu shi ne tsagewa a jikin ƙarfen kan, da kuma tsohon farin keke mai giyar roba a ciki, domin roba idan ta tsufa takan tsage, samun irinta kuwa sai an dace.

Suna ma a yi hattara da shi. Sitika ba ta da wuyar bugawa, kuma duk sunan da ya karɓu a kasuwa sai an yi jabunsa. Ko a sama ma sunaye sun sauya hannu: Singer da Pfaff ta Jamus da Husqvarna Viking ta Suwidin duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya tun 2006, kuma Singer na yau ba daga masana'antar da ta yi na kakanninmu yake fitowa ba. Wannan ba aibu ba ne, amma suna shi kaɗai ba ya ɗaukar wa mutum gwaji.

Ana shagala da kan keke a manta da ƙafa da teburi, alhali sau da yawa kuɗinsu daban ne, kuma nan ake rage inganci don farashi ya yi daɗin ji. Ƙafar ƙarfen zubi tana zama da ƙasa. Ta siririn ƙarfe da aka yi wa walda tana rawa tana ƙara. Teburin da aka yi da matsattsen garin katako, ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, kusoshi su saki. A tambaya a fili: kuɗin nan na kai ne kaɗai ko har da ƙafa, da teburi, da bel, da ɗaurawa? Farashi yana bin dala, saboda haka a taya a shago biyu ko uku a rana ɗaya. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken, a kuma yi magana ƙarara kan kwana nawa za a iya dawo da shi in ya nuna hali.

Zuwa da tela ko mai gyara dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya: ku sallame shi da kanku tun daga gida. Wanda ke jiran la'ada daga mai shago, keken da ya fi kawo masa la'ada zai yaba.

Kafin a bar shagon a sayi allurai, a kuma tabbatar na gida ne. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, ta keken shago kuwa gindinta zagayayye ne, kuma ba sa musanya. Lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta atamfa da mafi yawan ɗinki, 16 da 18 na jins da labule mai kauri. Yadi mai talewa yana da tasa mai dakusasshen baki. A sa mai shago ya nuna ɓangaren da shafaffen gefen ke kallo, domin kekuna da yawa da ake ɗauka niƙi-niƙi zuwa wurin gyara allura ce kawai aka ɗaura a juye, ko ta lanƙwashe ba a lura ba. Sai man keke, farin nan mai ruwa-ruwa, ɗigo ɗaya a kowane rami bayan an share ƙura da burbushin zare daga ƙarƙashin haƙori, musamman da hunturu. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su zama danƙo a cikin keke, kuma wanke su sai an kwance shi an bi da kananzir.