ƘWAYAR CUTAR DA IDO BA YA GANI: Kira Ga Iyaye Da Malaman Ƙasar Bagudo



Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai tsutsar ciki wadda ido ke gani, akwai bakteriya wadda sai da madubin likita ake ganinta. Daga cikin mafiya ƙanƙanta akwai bairos, wadda ita ke haddasa shan-inna da ƙyanda. Sai an jera ƙwayoyin shan-inna fiye da 30,000 kafin su cika milimita ɗaya. Masana sun gano akwai irin waɗannan halittu tun a shekarun 1890, amma ba a gan su ba sai a shekarun 1930.

Yaya take aiki?

Bairos ba ta iya hayayyafa sai a cikin jiki mai rai. Ta shan-inna tana shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abinci ko hannun da bahaya ya taɓa. Tana yaɗuwa a hanji, wani lokaci ta kai ga jijiyoyi ta kashe ƙafa. Cikin yara 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa. Yawancin sauran suna yawo lafiya lau, alhali suna baza cutar makonni. Maganin kafso ba ya kashe ta, kuma ƙafar da ta shanye ba ta dawowa.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Jama'ar Lolo da Tsamiya da Illo da Ka'oje suna da dangi da kasuwanni a Jamhuriyar Benin, ga jiragen kwale-kwale a Kogin Kwara, ga makiyaya masu kai da komo. Cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen kan iyaka. Lokacin da aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003 zuwa 2004, shan-inna ta tsallaka zuwa Benin, ta kai har Yaman da Indonesiya a 2005.

Alhamdulillahi, a 2016 aka ga na ƙarshe da ya kamu da asalin ƙwayar a Nijeriya, kuma a Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. Sai dai an sami wani nau'i a Kebbi da Sakkwato da Zamfara a 2023 da 2024. Asalinsa ƙwayar rigakafi ce mai rauni, wadda kan sake yin ƙarfi idan ta daɗe tana zagaya tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Inda aka yi wa kowa, ba ta samun mafaka.

Ya ku malamai

Kun fi mu sanin cewa Halifa Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Muna roƙon ku tunatar da jama'a a huɗuba da wurin suna.

Ya ku iyaye

Ku fito da duk yaron da bai kai shekara 5 ba a kowane zagaye, har da na baƙi da almajirai. Ɗigo biyu ne a baki, kyauta ne. Ku kai jarirai asibiti su kammala alluransu, ku kuma adana katin.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'armu cikin ƙoshin lafiya, amin.