Daga awon yatsa zuwa awon ƙwayar sha'ir: Abin da ya kamata fatake su sani game da harsashi

Daga Wakilinmu a Injamena

Idan mai karatu bai manta ba, a daren Talata 18 ga watan Yunin 2024 ne wuta ta kama a babbar ma'ajiyar makamai ta sojan Chadi da ke unguwar Goudji, kusa da filin jirgin saman Injamena. Duk da nisan da ke tsakani, har mu da ke Boutalbagar a gabashin birnin mun ga sama ta yi jajir, mun kuma ji rugugi kamar na aradu. Washegari hukuma ta bayyana cewa mutum 9 sun rasu, wasu 46 sun jikkata, sannan ta gargaɗi jama'a da kada su taɓa duk wani harsashi ko makami da suka tsinta a gidajensu ko a kan titi.

Wannan gargaɗi ya shafi 'yan kasuwarmu fiye da kowa, domin mu ne ke sayen tsofaffin ƙarafa, mu ne ke loda buhuna, mu ne kuma ake danƙa wa saƙo a tasha a ce don Allah a miƙa wa wane a tsallaken iyaka. Da yawa daga cikinmu kallon guntun tagulla kawai muke yi wa harsashi, alhali kuwa a wasu ƙasashe akwai mutanen da suka mayar da haɗa shi wani ilimi mai zaman kansa, da littattafai da sikeli da lasisi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wannan aiki, da tarihinsa a yankinmu, da kuma dalilin da ya sa ɗan kasuwar kan iyaka ya kamata ya yi nesa da shi.

Rigar kanti da ɗinkin tela

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa, wato jan ƙarfe kashi 70 cikin 100 da tutiya kashi 30. Akwai 'yar fitilar da ke gindinsa, wadda ke tada wuta idan an ja kunama. Akwai albarushi a ciki, sannan akwai kan harsashin, wato dalmar da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wadda ita kaɗai ce ke fita daga bakin bindiga. Idan an harba, kwanson yana nan, kuma ana iya sake cika shi sau da yawa kafin ya gaji ya tsage.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu, akwai masu gasar harbi daga nesa waɗanda ba su cika dogara da harsashin kamfani ba. Dalilinsu kuwa kowane mai sayar da tufafi zai gane shi: harsashin kamfani kamar rigar kanti ce, an yanka ta ne don ta shiga kowa, shi kuwa wanda mutum ya haɗa wa bindigarsa kamar ɗinkin tela ne da aka auna kafaɗa da wuya. Bindiga biyu na iya fitowa daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, amma abin da ɗaya ke so ya bambanta da na ɗayar, saboda bututun bindiga yana karkarwa a lokacin da harsashi ke ratsa shi, kuma kowane bututu da irin tasa karkarwar.

A wata gasa da ake kira F-Class, wadda ta samo sunanta daga wani ɗan ƙasar Kanada mai suna George Farquharson, ana harbi har daga nisan yadi 1,000, wato mita 914. A allon da ake amfani da shi a Amurka, faɗin da'irar tsakiya inci 5 ne kacal, wato bai wuce bakin ƙaramin kwanon sha ba. Harsashin kan bar bindiga da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa guda, ya yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a iska kafin ya isa. Idan gudun wannan harsashi ya ɗara na wancan ko da kaɗan ne, sai ɗaya ya sauka sama ɗaya ƙasa, maki ya zube. An gudanar da gasar duniya ta wannan fanni a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu a shekarar 2005 da kuma 2023.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Jigon aikin nasu dai shi ne awo. A nan Injamena da koro muke auna gero, a Kano da Maiduguri kuwa da mudu ko tiya, kuma idan aka samu rarar ƙwaya goma ko ashirin ba mai ɗaga murya. Su kuwa ma'auninsu shi ake kira giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ne. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Sikelin da suke amfani da shi yana iya gane kashi ɗaya cikin goma na giren, wato ko mai sayar da zinariya bai fi su tsantseni ba.

Hanyar da suke bi wajen gano abin da ya dace da bindiga ta haƙuri ce ƙwarai. Ba sa ƙirƙirar awo da ka, sai dai su bi abin da kamfanonin albarushi suka gwada a ɗakunan bincike suka buga a littafi, su fara daga ƙasa, kuma ba sa ƙetare iyakar da aka shata. Sukan sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, su harba biyar a allo ɗaya, su auna yadda ramukan suka haɗu ko suka warwatsu, su kuma auna gudun kowane harsashi da wata na'ura. Daga nan sai a rubuta komai a littafi: rana, da zafin gari, da lambar gwangwanin albarushi, da yawan cikawar da aka yi wa kwanson. Wanda ba ya rubutu a cikinsu kamar ɗan kasuwa ne mai ba da bashi ba littafi, ranar da lissafi ya rikice bai san inda zai kama ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ƙarfin da ke cikin ɗan kwanson. Kowane direban tirela ya san ana ba tayarsa iska wajen geji 120. To, a irin wannan ma'auni, ƙungiyar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926 don tsara ƙa'idojin makamai, ta ƙayyade wa harsashi samfurin .308 Winchester matsin da ya kai 62,000, wato ninki 500 da ɗoriya, kuma duk wannan yana faruwa ne dab da fuskar mai harbi. Sannan zafi na ƙara wa albarushi ƙarfi. Awon da ya yi daidai a sanyin Turai na iya zama haɗari a watan Afrilu na Injamena, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kuskure kaɗan ya isa ya fasa bindiga, ya tafi da ido ko yatsu.

Albarushi ba baƙo ba ne a yankinmu

Kakanninmu ma sun san haɗa harbi da hannu, sai dai awonsu daban ne. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo Turkawa masu harbi da bindiga a rundunarsa. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa aka riƙa yin albarushi da ƙera igwa a cikin birninsa. Har gobe 'yan bindigar sarakuna na ɗura bindigar toka ta baki a lokacin hawan Sallah, maharba kuma na ɗura adaka kafin su shiga daji. Awonsu shi ne tafin hannu ko ɗan ƙoƙo, ko kuma a zura sandar dannawa a ƙirga yatsun da suka rage a waje. Baƙin albarushi na ɗan yafe irin wannan kintace, amma duk da haka ba banza ba aka laƙaba wa wata bindigar gida suna harba-ka-ruga.

Al'amura sun sauya a 1884, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, wanda ya ninka baƙin ƙarfi, aka kuma fara amfani da shi a bindigar Lebel ta sojan Faransa a 1886. Shekara huɗu bayan haka, a watan Yulin 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, aka bar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogin toka. Wannan ya sa Samori Ture a ƙasar Gini ya sa mayaƙansa suna tsince kwanson da aka harba, maƙeransa suna sake cikawa.

Shi ma Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, yana da dubban bindigogi, amma mafi yawansu tsofaffin yayi ne, kuma samun harsashin na zamanin ya zame masa alaƙaƙai. A ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza tsakaninsa da Faransawa a Kusiri, can tsallaken kogi, inda aka kashe shi, shi ma kwamandan Faransawan Lamy ya mutu. Don tunawa da wannan kwamanda ne aka kafa Fort-Lamy a shekarar, garin da aka mayar wa suna Injamena a 1973. Ashe ke nan birnin da muke kasuwanci a cikinsa ma yana da alaƙa da labarin harsashi.

Wani abin da ya kamata maharba su ji da kunnen basira shi ne, bindigar toka ba a ƙera ta don albarushin zamani ba. Duk wanda ya fasa harsashin soja ya juye abin da ke ciki a adaka, to ya haɗa wa kansa abin da zai tashi a hannunsa.

Hanya ɗaya, dokar ƙasa uku

Babban bambancin da ke tsakaninmu da waɗancan 'yan gasa shi ne doka. A Ingila sai mai takardar izinin 'yan sanda ke mallakar irin wannan bindiga da harsashinta, a Afirka ta Kudu ma dokar makamai ta shekarar 2000 mai lasisi kawai ta yarje wa ya cika harsashin bindigarsa. A kan hanyarmu kuwa, daga Maiduguri zuwa Dikwa, zuwa Gamborun Ngala, a tsallaka Fotokol, a bi ta Kusiri a hau gadar Ngueli a shigo Injamena, dokar ƙasa uku mutum ke ratsawa, kuma babu wadda ke wasa da wannan batu.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera ko haɗa bindiga da harsashi ba tare da izinin hukuma ba, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga manyan laifuffukan da ke cikinta. Kamaru ta sabunta tata dokar a watan Disamban 2016. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, su kuwa Chadi da Kamaru suna cikin yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ta fara aiki a 2017, kuma duka biyun sun haɗa har da harsashi. Ga shi kuma tun 2015 hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi tana nan Injamena. A irin wannan yanki, idan jandarma ko kwastan suka zazzage buhu suka ga harsashi, ba za a tsaya tambayar ko na farauta ne ko na gwangwan ba, mai kaya da direba da yaran mota duk sai sun yi bayani.

Masu sana'ar gwangwan su ne suka fi kusa da haɗarin, saboda tagulla na da tsada, kuma yankinmu ya sha yaƙe-yaƙe. A cikin tarin tsohon ƙarfe ana iya samun harsashin da bai tashi ba, wanda zafin wuta ko dukan guduma ya isa ya tayar da shi. A shekarar 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta tsintar ƙarafa a faɗin Jihar Barno, bayan rayukan da aka yi ta rasawa a dazuzzukan da ake zuwa nemansu.

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa fatake ita ce, kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani da ido ba, ko da kuwa na aminin shekara ashirin ne, musamman idan ƙaramin ƙunshi ne mai nauyin da ya fi girmansa, ko kuma an yi tayin kuɗin mota fiye da kima. Mai sayen ƙarafa ya sa a zazzage buhu a ƙasa kafin a ɗora a sikeli. Idan an ga abin da ba a gane ba, kada a ɗaga, kada a buga, kada a jefa a wuta, a janye yara a sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro mafi kusa. Shugabannin kasuwa da na tasha kuma su riƙa rubuta sunan mai saƙo da na mai karɓa.

Waɗancan 'yan gasa, duk da sikeli da littafi da lasisin da suke da su, ba sa sakin jiki da ko ƙwaya ɗaya ta albarushi. Ina ga wanda ya tsinci abin a bola, ko aka miƙo masa a ƙulle cikin buhun barkono? Masu iya magana dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.